Na ƙara wa dodanni jini da sulke, yanzu faɗa ya ƙi ƙarewa

Tambaya: Malam, ni nake jagorantar wasan Dungeons & Dragons ga abokaina huɗu, wasan labari ne na tebur da ake yi da dayis, kowannensu yana riƙe da jarumi ɗaya, ni kuma ina riƙe da dodanni. Jarumansu suna mataki na 3, kuma da dokokin 2014 muke wasa. Da na ga suna gamawa da dodo cikin zagaye biyu, sai na ƙara wa kowane dodo rabin jininsa, na kuma ɗaga lambar sulkensa da 2. Yanzu faɗa ɗaya yana cin mana fiye da awa, mai riƙe da mayaƙi yana ƙorafin saransa ba ya shiga, kuma har yau babu mai tsoron dodannin. Ga shi na samu sabon littafin dodanni na 2025, na tarar lambobinsa sun sha bamban da na tsohon. Me taɓa waɗannan lambobi ke yi wa wasa, kuma zan iya haɗa sabon littafin da tsoffin dokoki?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗin yadda ka kawo tambayar da lambobinta, don haka ana iya zama a yi lissafi. Tsoro ka nema, amma lambobi biyun da ka taɓa ba su ke kawo shi ba. Jini (yawan ɓarnar da dodo zai iya ɗauka kafin ya faɗi) da sulke (lambar da sai hari ya kai ta kafin ya shiga) aikinsu ɗaya: su ke yanke tsawon lokacin da dodo zai yi a tsaye. Tsoro kuwa daga abin da dodon zai iya yi wa jarumai kafin ya faɗi yake fitowa. Ka tsawaita masa rai, ka bar masa haƙoransa yadda suke, shi ya sa abokanka suka gaji ba su firgita ba. Akwai kuma abin da na fi so ka riƙe a duk wannan bayani: kowace lamba da ke jikin dodo a ɗaure take da wani abu a takardar ɗaya daga cikin 'yan wasanka. In ka ja ta, wani a teburin zai ji a jikinsa, kuma ba daidai za su ji ba.

Mu fara da sulke, wanda littafi ke taƙaitawa da AC, don nan ɓarnar ta fi yawa. Dayis ɗin kai hari fuska 20 gare shi, ke nan kowace lamba ɗaya kashi 5 ce cikin 100. Mayaƙi a mataki na 3 yawanci yana ƙara 5 a kan abin da ya jefa. Gobilin na littafin 2014 sulkensa 15, saboda haka mayaƙin 10 ko sama yake nema, fuska 11 cikin 20, kashi 55. Da ka mai da sulken 17 sai ya koma neman 12, fuska 9, kashi 45. A ido kamar kashi 10 kawai aka rage masa. Amma 10 ɗin nan daga cikin 55 aka yanke ta, kusan ɗaya bisa biyar na duk saran da yake samu. Wannan kaɗai ya tsawaita ran dodo da kusan kashi 22. Ɗora shi a kan rabin jinin da ka ƙara, 1.5 sau 1.22, abin ya haura 1.8. Faɗan zagaye biyu ya doshi huɗu, na zagaye uku ya wuce biyar. Awar da kake magana a kai ke nan.

Sannan dubi a kan wa nauyin ya sauka. Masihirci yana da tsafe-tsafen da babu ruwansu da sulke. Wasu dodon ne ke jefa dayis don ya kuɓuta daga gare su, wato jifan tsira, kiban sihirin nan na matakin farko kuwa ba sa kuskure sam. Mayaƙi ba shi da wannan ƙofa. Kafin mataki na 5 sara ɗaya gare shi a zagaye. Ya jira mutum uku da dodanni su gama, layi ya zo kansa, ya jefa, ka ce masa bai shiga ba, shi ke nan sai wani zagayen. Yanzu fiye da rabin lokutansa haka suke ƙarewa. Na ga wannan da idona a teburina. Akwai wani ɗan wasa da in layinsa ya zo sai ya miƙe tsaye yana kwatanta yadda jaruminsa zai zame ta ƙarƙashin kulki ya kai sara a agara. Na jero musu abokan gaba masu sulke 18 zama biyu a jere. A zama na uku bai ƙara miƙewa ba. A zaune yake jefa dayis, ya faɗi lamba, ya sunkuyar da kai ga wayarsa. Bai ce min komai ba, sai da na lura da kaina. Naka ya kyauta maka da ya buɗe baki ya faɗa.

Waɗanda suka tsara bugu na biyar, wato dokokin 2014 da kuke wasa da su, da gangan suka matse waɗannan lambobi. Ƙarin ƙwarewar jarumi daga 2 yake farawa a mataki na 1, kuma a 6 yake tsayawa har mataki na 20. Baligin jan diragon, mai jini 256, sulkensa 19 ne kawai. Tarask, wanda ya fi kowane dodo a littafin 2014 girman haɗari, nasa 25. Tsakanin gobilin da jan diragon maki huɗu ne, ka ga 2 da ka ƙara rabin hanya ce. Manufarsu ita ce ƙananan dodanni su ci gaba da zama barazana in sun taru, manya kuma kada su gagari taɓuwa. A irin wannan tsari sulke shi ne abu na ƙarshe da zan ba ka shawarar taɓawa. In kana son wani shugaban 'yan fashi ya fita daban, ba shi garkuwa ya samu 2 ɗinsa, kowa yana gani, kowa ya san dalili. Kada ka rarraba wa kowane dodo.

In wata rana ka koma Pathfinder, wani wasa mai kama da wannan, bugu na biyu, wanda ya fito a 2019, ka sani lissafin ya fi wannan kaifi. A can wanda ya zarce lambar da ake nema da 10 ya yi mugun bugu ke nan, don haka ƙarin 2 yana taɓa yawan bugu da yawan mugun bugu a lokaci guda. Shawarar da aka ba jagoran wannan wasa ba lallai ta yi wa wancan ba.

Jini kuma nasa sha'anin daban. Mutane suna ɗaukarsa kamar ruwa a randa, ka ƙara kaɗan, ya daɗe kaɗan. A ƙananan dodanni ba haka yake tafiya ba, matakala ce. Gobilin na 2014 jininsa 7. Takobin mayaƙi dayis mai fuska 8 ne da ƙarin 3. Don ya kashe gobilin da sara ɗaya yana buƙatar 4 ko sama, fuska 5 cikin 8, wato mafi yawan lokuta in ya same shi ya gama da shi. Gobilin mayaƙi na littafin 2025 jininsa 10. Yanzu sai 7 ko 8, fuska 2 cikin 8. Maki uku kacal aka ƙara, amma dodon da ke faɗuwa da sara ɗaya ya koma mai neman biyu, kuma a tsakanin saran farko da na biyu zai sake kai nasa harin. Rabin jinin da ka ƙara shi ma nan ya kai gobilin ɗinka. Mayaƙinka ya rasa abin da ya fi faranta masa rai, ya kai sara ya ga abu ya zube.

Masihircin ma bai tsira gaba ɗaya ba. Tsafin barci na 2014 jini yake ƙirgawa: a jefa dayis 5 masu fuska 8, matsakaici 22 da rabi, a rinƙa cire jinin dodanni daga ƙarami zuwa babba. Gobilin masu jini 7, uku za su kwanta. Masu 10, biyu. Ɗan wasan da ya zaɓi wannan tsafi bisa lambobin littafi ya zaɓe shi, kai kuma ka rage masa kashi ɗaya cikin uku bai sani ba.

Kada ka ji kamar kai kaɗai ka faɗa wannan rami, kamfanin Wizards of the Coast mai buga wasan da kansa ya taɓa faɗawa. Bugu na huɗu da ya fito a 2008 ya zo da manyan dodanni masu tarin jini da bugu marar zafi. 'Yan wasa suka yi ta kukan cewa tun zagaye na uku an san wa zai ci, amma sai an ɓata wani dogon lokaci ana sassaƙar dodo. A littafin dodanni na uku na wannan bugu, a 2010, aka sake lissafin, aka ƙara wa dodanni zafin bugu. Wannan bugu dai shi ya kawo wata dabara da har yau nake aro: 'yan kore masu jini 1, suna kai hari kamar kowa, amma taɓawa ɗaya ta kai su ƙasa. Ka cika fili da su, jarumai su ji an kewaye su, kuma faɗa bai tsawaita ba.

To ina tsoron yake? Yana cikin ɓarnar da dodo ke yi da yawan damar da yake samu ya yi ta. Ɗauki ƙaton nan mai kulki da littafi ke kira Ogre. A 2014 jininsa 59, sulkensa 11, kulkinsa dayis 2 masu fuska 8 da ƙarin 4, matsakaici 13. Masihirci mai matsakaicin ƙarfin jiki a mataki na 3 jininsa wajen 20 ne. Duka biyu ya kwanta. In ƙaton ya jefa 20, dayis sun ninka, matsakaici 22, duka ɗaya ya isa. Wannan dodo sulkensa ba komai ba ne, kowa yana samunsa, amma duk lokacin da ya ɗaga kulki teburi yakan yi tsit. Irin wannan nake so ka nema: mai sauƙin taɓawa, mai ciwon duka.

Sai dai ka yi hattara, wuƙar nan ba ta da kube a ƙananan matakai. Akwai dokar mutuwar nan take: in duka ya kai jarumi sifili, abin da ya rage kuma ya kai cikakken jininsa, ya mutu babu jifan ceto. Masihirci a mataki na 1 mai jini 8, in wancan 22 ɗin ya sauka a kansa, labarinsa ya ƙare. A mataki na 3 kana da ɗan sarari. In za ka ƙara ɓarna, ƙara 2 ko 3 a kan lambar da ba ta motsi, kada ka ƙara yawan dayis, don dayis su ne ke ninkuwa ranar da 20 ta fito.

Abin da ya fi wannan ma aiki shi ne yawa. Jarumai huɗu a kan dodo ɗaya, su suna yin abu huɗu a zagaye, shi ɗaya. Ko nawa ne jininsa, jakar duka ce. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma lissafi ya yarda. A ce ƙato ɗaya yana cin zagaye biyu kafin ya faɗi, ke nan hari biyu zai kai. Kawo biyu. Na farko zai kai biyu ya faɗi, na biyu yana ta duka tun farko har zagaye na huɗu, hari huɗu. Jimla shida. Ka ninka dodanni sau biyu, haɗarin ya ninka sau uku. Saboda wannan ne littafin jagora na 2014 ya ce in dodanni biyu ne a ninka makin gogewarsu, wato ladan da jarumai ke samu in sun ci su, sau ɗaya da rabi wajen auna wahala, in uku zuwa shida ne sau biyu. Littafin jagora na 2024 ya cire wannan ninki don sauƙaƙa lissafi, amma cire shi daga shafi bai cire shi daga teburi ba. Dalilin nan ne kuma ya sa aka ba gagararrun dodanni irin su diragon ayyuka na musamman da suke yi a tsakanin layukan jarumai, da damar ƙin faɗuwa jifan tsira sau uku a rana. Ba don haka ba, da tsafi ɗaya a zagayen farko ya gama da su.

Ina kuma zargin wani abu da ba ka faɗa ba. Faɗa nawa kuke yi kafin jarumai su yi dogon hutu? Littafin 2014 ya ce ayarin jarumai na iya ɗaukar faɗa shida zuwa takwas masu matsakaici ko tsananin wahala a yini ɗaya na cikin labari. Jagorori da yawa ɗaya ko biyu suke yi. In haka ne a wajenka, abokanka suna shiga kowane faɗa da cikakken jini da dukan tsafinsu, su juye komai a zagayen farko, don sun san barci ne ke biye. Babu lambar da za ka ƙara wa dodo ta warkar da wannan. Sa musu faɗa uku kafin hutu, ka ga yadda masihirci zai fara ƙirga abin da ya rage masa.

Ma'aunin haɗari da ke jikin kowane dodo, CR, kada ka ɗauke shi kamar sikeli. Ya shigo ne da bugu na uku a 2000, kuma kintace ne da ya fi dogara ga jini, sulke da ɓarna. Baiwa ta musamman ba ya auna ta da kyau. Dodon inuwa na 2014 ma'auninsa rabi ne, jininsa 16, amma kowane taɓawa yana zuƙe ƙarfin jarumi da 1 zuwa 4, in ƙarfin ya kai sifili mutuwa ce. Masihirci mai ƙarfi 8, taɓawa uku ko huɗu ta isa, ko da jininsa bai ƙare ba. Ka ga layi ɗaya na rubutu ya fi duk jinin da ka ƙara ban tsoro. Ka tuna kuma makin gogewa a ɗaure yake da wannan ma'auni. In da maki kuke hawa mataki, ka ƙara wa abokanka aiki kusan ninki biyu a kan lada ɗaya.

Yanzu sabon littafin. Ya fito a Fabrairun 2025, kuma an ɗinka shi ne a jikin jaruman littafin 'yan wasa na 2024. Waɗannan sun fi naka ƙarfi. Mayaƙansu suna da ƙwarewar makami da ke ba su damar kayarwa ko turawa ko rage wa dodo gudu, tsafin warkarwa na taɓawa ya tashi daga dayis 1 zuwa 2, shan maganin jini ba ya cinye babban aikin jarumi a zagaye. Shi ya sa dodanni da yawa suka ƙara zafi, manyan kuma aka ba su ƙari wajen rigen fara faɗa. Amma canjin da ya fi muhimmanci a ganina yana cikin ƙananan kalmomi, ba a manyan lambobi ba.

Dubi kyarkeci. A 2014 in ya cije ka, kana jifan tsira na ƙarfi, kana neman 11, in ka gaza ka faɗi ƙasa. A 2025 in cizon ya shiga, jarumi mai matsakaicin jiki ko ƙarami ya faɗi, babu jifa. Wasa ya yi sauri, an rage dayis ɗaya a kowane cizo, wannan gaskiya ne kuma ina yaba shi. To amma wa ya yi asara? Mayaƙi mai ƙarin 5 a tsiran ƙarfi a da sau ɗaya cikin huɗu yake faɗuwa. Masihirci mai ragin 1 yana faɗuwa kashi 55. Yanzu su biyun duk suna faɗuwa kowane lokaci. Raunin masihircin ya ƙaru, ƙarfin mayaƙin kuwa a wannan wuri an shafe shi ɗungurungum. Mutumin ya zuba makinsa a ƙarfi don ya zama wanda ba a kayarwa, sai layi ɗaya a littafin da ba nasa ba ya ƙwace masa.

Akwai wanda ya tafi ta ɗaya ɓangaren, ya taimaki mayaƙa. A 2014 dodanni da dama rabin ɓarna kawai suke ɗauka daga makamin da ba na sihiri ba, wasu ma ba ya taɓa su. Mayaƙin da jagoransa bai ba shi takobin sihiri ba ya shiga uku, wanda aka ba kuwa dokar ta zama kamar babu ita. Littafin 2025 ya share wannan, kuma ban yi kewarsa ba, sai a wuri ɗaya: mutum mai rikiɗa kyarkeci. A da makami ba ya cin sa sai an shafa masa azurfa ko na sihiri ne. Yanzu an cire, an ƙara masa jini. Na tuna wani dare da 'yan wasana suka sassari irin wannan dodo ya tashi yana kallonsu ko ƙwarzane babu. Suka gudu. Zama guda cur suka yi suna bin tsoffin garin cikin labarin da tambaya, suka tattara kuɗin azurfar da ke aljihunsu har da zoben da ɗaya ta gada, suka kai wa maƙeri ya narka ya shafa wa kibau goma sha biyu. Da suka koma dajin, mai baka tana ƙirga kibanta da ƙarfi duk harbi, saura tara, saura takwas. Duk wannan daga layi ɗaya ya fito. In ka mai da shi ƙarin jini, faɗan yana nan, labarin ne ya tafi. Ni a teburina azurfa tana nan daram, ko da wane littafi nake aiki.

Dodanni masu tsafi su ma an sake musu fasali tun wani littafin dodanni na 2022, aka ci gaba a 2025. A da za ka ga boka da jerin tsafe-tsafe fiye da goma da guraben tsafi, wato yawan damar yin su, da za ka rinƙa ƙirgawa, alhali zagaye uku zai rayu. Yanzu an taƙaita jerin, an ba shi harin sihiri da ke rubuce a gabanka. Ga jagora sauƙi ne babba. Sai dai irin wannan hari ba a lissafa shi a tsafi, don haka ɗan wasan da ya tanadi tsafin karya tsafi sai ya ga ba shi da abin karyawa. Haka jarumin nan mai fushi, wanda in ya harzuƙa rabin ɓarnar sara da suka da duka kawai yake ɗauka. Dodanni da yawa a sababbin littattafan ɓarnarsu ta koma wasu nau'o'in da fushinsa ba ya tarewa. Babu wanda ya taɓa takardarsa, amma ya rage tauri.

Kar ka manta kuma wasu jarumai daga littafin dodanni suke ɗebo ƙarfinsu kai tsaye. Duruwid, jarumi mai tsafin daji, na reshen da ake kira da'irar wata, a dokokin 2014 yana rikiɗa beya mai jini 34 tun yana mataki na 2. Tsafin rikiɗarwa yana mai da aboki ƙaton goggon biri mai jini 157. In ka ce kowace dabba ta ƙara rabin jininta, ka shirya amsar da za ka ba mai duruwid ranar da ya ce to tasa beyar fa.

Za ka iya haɗa su? Za ka iya, ƙashin bayan dokokin ɗaya ne, kuma tunda kukanka abokanka sun fi ƙarfin dodanni, sabon littafin ya fi gyaran da ka yi da hannu dacewa da buƙatarka. Amma ɗauki dodo ɗaya-ɗaya, ka karanta shi yana gefen tsohonsa. Duk inda ka ga an cire jifan tsira, ko an canza nau'in ɓarna, ko an sauya tsafi da hari, ka ɗaga kai ka dubi takardun mutum huɗun nan, ka ga wa abin ya shafa. In ya faɗa kan wanda dama shi ke baya, mayar da tsohon layin. Kuma kada ka ɗora naka ƙarin a kan sabon dodo, an riga an ƙara masa.

Batun sanar da 'yan wasa, ra'ayina a kai ba ya rawa. Abin da suka sani game da dodo dukiyarsu ce. Wanda ya san torol yana mayar da jini 10 kowane zagaye sai an sa masa wuta ko ruwan asid, ya sayi tulun mai saboda haka, ya yi wasa mai kyau. Kana da ikon kawo torol ɗin da wuta ba ta dame shi ba, amma bar alama a hanya: ƙonannen sansani, sawunsa a cikin toka, mafarauci mai ba da labari. Canza jini a tsakiyar faɗa a ɓoye kuwa ba na yi, ba na kuma ba da shawara. Ranar da suka gane dodo yana mutuwa ne lokacin da ka ga dama, daga ranar dayis ɗinsu ya zama ado. In kana son sarari, littafin ya ba ka: jinin ƙaton nan 59 matsakaici ne na dayis 7 masu fuska 10 da ƙarin 21, wato daga 28 zuwa 91 duk halal ne. Zaɓi lambarka kafin a fara, ka rubuta, ka tsaya a kai.

Tsoffin dokokin wasan na 1981 suna da wani magani na dogon faɗa da aka yi sakaci da shi, wato lambar ƙarfin zuciya. Kowane dodo yana da lamba tsakanin 2 da 12. In na farko a ɓangarensu ya mutu, ko rabinsu sun faɗi, jagora ya jefa dayis biyu masu fuska 6, in jimlar ta haura lambar sai su gudu ko su miƙa wuya. Aro shi kai tsaye. Ka ba gobilin lamba 7, za su watse kusan sau 4 cikin 10 a kowane jifa. Wannan yana yanke wutsiyar faɗa, wancan ɓangare da an san sakamako ana dai jan ƙafa, kuma gobilin da ya tsere zai je ya faɗa wa wani.

Ga abin da zan yi a zamanku na gaba in ni ne kai. Mayar da sulke da jini yadda littafi ya rubuta, ka faɗa wa mai mayaƙin ka yi hakan. A lissafin 2014, ga jarumai huɗu a mataki na 3, faɗa mai tsanani daga maki 900 yake farawa, mai kisa daga 1,600. Ƙato ɗaya 450 ne, ko matsakaici bai kai ba, shi ya sa suke cinye irinsa a zagaye biyu. Haɗa shi da gobilin huɗu masu baka a kan tudu, 200 ke nan, jimla 650, ninka sau biyu don su biyar ne, 1,300. Ƙaton ya tare hanya, gobilin su nufi masihirci, kuma ya zama faɗa na biyu ne a yinin, ba na farko ba. Ajiye takarda a gefenka ka rubuta zagaye nawa aka yi da jinin da ya rage wa kowa a ƙarshe. In an gama a zagaye uku ko huɗu, mutum ɗaya ya kusa faɗuwa, ka samu ma'auninka. In har yanzu da sauƙi, ƙara gobilin ɗaya a faɗa na gaba, ka bar sauran lambobin yadda suke.